A Auna Hayaƙin Mota Kafin A Taɓa Sensar Salansa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, hirar masu motoci a Zariya ta sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Daga malaman da ke ajiye motocinsu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello zuwa direbobin bas masu jigilar ɗalibai tsakanin Kongo da Samaru, kukan ɗaya ne: mota na shan mai. Wannan kuka ne ya jawo wata 'yar na'ura mai tsawon yatsa cikin zancen gareji, wato sensar oksijin da ke ɗaure a jikin bututun salansa.

Wasu makanikai na ganin idan ta kawo matsala a zare wayarta kowa ya huta. Wasu matasa kuma, masu kallon gyaran motocin tsere a YouTube, sun ɗauka idan aka cire ta aka sa irin ta 'yan tsere, mai faɗin ma'auni da ake kira waidban, mota za ta ƙara ƙarfi ta rage shan mai. Duka biyun sun saki hanya. Sensar da kamfani ya ɗaura a bar ta a mazauninta tana aikinta. Ita waidban kayan awo ce, kuma a cikin kayan aikin bakanike take da amfani.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera sensar oksijin, kamfanin Volvo kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1976. Injin fetur yana ƙone mai sarai ne idan nauyin iskar da ya zuƙa ya ninka nauyin man sau 14.7. Sensar tana zaune a bakin hayaƙi tana lura. Idan ta ji ragowar oksijin da yawa, wutar da take aikawa ta sauka wajen folt 0.1, idan mai ya rinjayi iska, ta hau wajen 0.9. Kwamfutar mota, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, tana karɓar wannan saƙo ta ƙara wa injekta mai ko ta rage, haka nan ba tsayawa muddin injin ya ɗumama yana tafiyar hankali. Iyakar sanin sensar ke nan. Kamar mai ɗanɗana miya ce da za ta ce gishiri ya yi yawa ko bai ji ba, amma ba za ta iya cewa cokali nawa ba.

Waidban ita ce ke faɗin cokali nawa. Kamfanin Honda ya yi amfani da irinta a wata Civic ta 1992 da aka ƙera don tsimin mai, daga baya kuma samfurin Bosch mai suna LSU 4.9 ya zama ruwan dare a hannun masu saitin injin. Tana nuna lamba ƙarara: 14.7 idan mota na tafiyar hankali, 12.5 zuwa 13 idan an take totur har ƙasa, inda injin ke buƙatar ƙarin mai don ya ba da ƙarfi ya kuma sanyaya kansa. Wanda ke sauya lissafin kwamfutar mota, ko wanda ya ɗora wa injin tabo, ba shi da idon da ya wuce wannan.

Sai dai ba a kwance tsohuwa a ɗaura wannan a soket ɗaya a ce an gama. Waidban ba ta aiki sai da akwatinta na musamman, wanda ke riƙe zafinta a wajen digiri 780 yana kuma fassara abin da ta gano, galibi zuwa wuta tsakanin folt 0 da 5. Birenbos ɗin da aka gina don sauraron 0.1 zuwa 0.9 ba zai fahimci wannan yare ba. Fitilar cek injin za ta kama, kwamfutar ta daina amincewa da hayaƙi, ta koma zuba mai da ƙiyasi. Wasu akwatunan suna da wayar da ke kwaikwayon tsohuwar sensa, amma ko an haɗa ta daidai, kwamfutar kamfani 14.7 za ta ci gaba da nema. Sauya ma'auni ba ya sauya lissafin da aka rubuta mata. Ga shi kuma yawancin Corolla da Camry na shekarun baya-bayan nan, waɗanda suka cika titunan Tudun Wada da Sabon Gari, da mai faɗin ma'aunin suka fito daga masana'anta a gaban injin. Mai irin wannan mota da ya biya kuɗi don a sauya masa, abin da yake da shi ya sake saye.

Babbar ɓarnar ma ba a nan take ba. Wanda ya leƙa ƙarƙashin motocin Beljiyam da suka daɗe a hannu zai ga wayoyi huɗu na sensa an datse su an naɗe da baƙin salatif, ko kan sensar ya toshe da baƙin hayaƙi kamar gindin tukunya, a dashbod kuma an cire ƙwan cek injin don kada ya dami mai mota. Injin da ke tafiya a haka yana shan mai fiye da ƙima, fulogi na yin baƙi, ɗanyen fetur na tsinka baƙin mai. Ragowar man da bai ƙone ba yana isa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, ya ƙone a cikinta har ta narke ta toshe. Daga nan sai a ba mai mota shawarar a fasa a zubar da ita. Ba zubarwa ake yi ba, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, irin su filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu bin gareji suna saye. Mai mota ya yi asarar abu mai daraja, shan man bai ragu ba, hayaƙi mai guba kuma ya ƙaru a hancin masu talla da 'yan makaranta da ke gefen titi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta taɓa bayyana cewa gyara sensar da ta lalace sosai na iya ƙara nisan da mota ke yi da lita ɗaya har da kashi 40 cikin 100. Ko rabin haka aka samu, a farashin yau kuɗi ne mai kauri.

Inda waidban za ta yi wa Zariya rana shi ne wajen mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CNG a 2023, Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, da aka kafa a Zariya tun 1986, tana cikin masu horar da ma'aikatan wannan aiki. Gas yana son iska fiye da fetur, kusan ninki 17 na nauyinsa, kuma busasshe ne, ba ya jiƙa bawul. Idan aka saita shi ya yi ƙaranci, motar za ta yi sanyin jiki a hawa, bawul ɗin hayaƙi su riƙa cin wuta a hankali har kan injin ya nemi gyara. Kunne ba ya jin wannan. Injin na iya yin sumul a tsaye cikin gareji, alhali yana ƙishirwa idan ya ɗauki fasinja ya hau titin Kano.

Aikin da ya dace ba shi da wuya. Mai walda ya huda bututun salansa kafin tukunyar tacewa, ya liƙa noti a gefen sama, a ɗan karkace, yadda ruwan da ke taruwa a bututu da sanyin safiya ba zai taɓa kan sensar mai zafi ya fasa shi ba. A ɗaura waidban a nan, a bar ta kamfani a wurinta. Bakanike ya zauna gefen direba da allon da ke nuna lambar waidban a cinyarsa, a tsaya a sulo, a yi tafiyar gari, a take totur a miƙaƙƙen titi, yana rubuta lambobin. Idan an gama saiti, ya kwance kayansa ya toshe ramin da noti. Tsofaffin bas masu kafireta, waɗanda ba su taɓa sanin sensa ba, su ma za su amfana, domin har yau da sukudireba da sauraron ƙara ake saita su, kuma ƙurar hunturu na toshe matatar iska ta rikita saitin duk shekara.

Za a ce kayan da tsada, da dala ake sayen su, kuma kan sensar yana mutuwa, musamman da irin man da ake samu. Gaskiya ne. 'Yan Nijeriya ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci da dama. Amma wannan hujja ce ta hana kowane mai mota sayen tasa, ba ta hana gareji mallakar guda ba. Na'ura ɗaya za ta auna motoci masu yawa, kuma abin da za a karɓa na awo bai kai kuɗin man da mota mai makauniyar kwamfuta ke ƙonewa a banza cikin 'yan makonni ba.

Ƙungiyar makanikai ta NATA na iya haɗa kuɗi kowane rukunin gareji ya mallaki waidban ɗaya da na'urar karanta lambobin matsala, irin wadda ke shiga soket ɗin da dokar Amurka ta tilasta wa motoci tun 1996. NITT da Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli na iya buɗe gajeren horo da Hausa, na yamma, don masu wayarin da yaran gareji da ba su da lokacin zama a aji. Masu ba da lasisin mayar da mota gas su sa sharaɗin a miƙa wa mai mota takardar awon hayaƙi, a tsaye da kuma a guje, kafin ya biya cikon kuɗi. Shi kuma mai mota, duk ranar da aka ce masa a zare sensa ko a fasa indomi, ya nemi a nuna masa lambar da na'ura ta karanta da kuma awon hayaƙin motarsa, idan garejin ba shi da kayan, ya tafi inda suke da su.