Sana'a da Ciniki: A Yi Sallama Kafin a Baje Haja

Masu karatu, a wannan wata za mu duba talla ta hanyar imel, watau wasiƙar da ake aikawa ta intanet. Teloli, da masu sayar da zuma ko littattafai, da masu ƙananan makarantu, da yawansu suna marmarin gwada ta, gama ba ta bukatar kan sarki ko ɗan aike. To, arhar nan ita ce take ruɗin mutane.

A shekarar 1978 wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta a Amurka, mai suna Gary Thuerk, ya aika da wasiƙar talla guda ɗaya ga mutum wajen 400 waɗanda ba su nema ba. Mutane suka fusata, aka yi ta gunaguni, har aka ja wa kamfaninsa kunne. Laifinsa kuwa shi ne wanda sababbin shiga suke yi har wa yau: ya faɗa gidajen mutane ba sallama.

Akwatin wasiƙar mutum kamar zaurensa ne. Saboda haka abu na fari shi ne neman izini. A ajiye littafi a kanti, duk wanda ya yi ciniki a tambaye shi ko yana so a riƙa sanar da shi in sabon kaya ya iso. A gaya masa abin da za a aiko, da kuma sau nawa a wata. In ya yarda, ya rubuta adireshinsa da hannunsa. In ya ƙi, a yi masa godiya, ciniki bai ɓaci ba.

Akwai masu yawo suna sayar da jerin adireshi dubu-dubu. Kada a saya, ko da kyauta suka ba da shi. Ga dalili. Wanda ya sami wasiƙar da bai nema ba yakan danna wurin da ke nuna cewa ta banza ce, Gmail kuwa yana lissafi. Tun watan Fabrairu na 2024 Google ya kafa ƙa'ida cewa masu irin wannan ƙorafi kada su kai 3 cikin 1,000. Sa'ad da aka haura haka, sai wasiƙun mai talla su fara zarcewa kwandon shara, har da waɗanda ya aika wa tsofaffin abokan cinikinsa masu jiransa. Shi kuwa yana zaune yana mamakin shirun da aka yi masa. Ban da wannan, dokar kare bayanan mutane da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ba kowa ikon hana a yi amfani da adireshinsa wajen talla. A ganinmu mutum 40 da suka yarda sun fi 4,000 da aka sayo.

Sa'an nan a lura da yadda ake aikawa. In an jera adireshin mutane duka a fili, kowa zai ga na kowa, matar aure da baƙon da ba ta sani ba, wannan kuwa cin amana ne. A sa su a gurbin da aka rubuta Bcc. In jama'a sun yi yawa sai a koma ga kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Mailchimp, waɗanda suke sa wa kowace wasiƙa wurin da mutum zai danna ya ce a daina. Wanda ya ce a daina, a cire sunansa ran nan, ba fushi, ba magiya.

Wasiƙar kanta ta zama gajeriya, gama a waya za a karanta ta, da data ta kuɗi. Magana ɗaya ta isa: sabuwar zuma ta iso daga Mambila, kwalba kaza ce, ga lambar da za a kira. Kan wasiƙa ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Kada kuma kowace wasiƙa ta zama “zo ka saya”. Tela yana iya koya wa mutane yadda za su wanke shadda ba ta koɗe ba, su kuwa za su tuna da shi sa'ad da biki ya matso.

Amma fa ba kowace sana'a ce take bukatar imel ba. Mai ƙosai da abokan cinikinta suke unguwa ɗaya, WhatsApp ko yaro ɗan talla ya fi mata. Imel ya fi amfani ga mai hulɗa da ofisoshi, da makarantu, da 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje. Irin wannan mutum ya fara da wasiƙa ɗaya a wata, bayan wata uku ya ƙidaya mutum nawa suka amsa, nawa kuma suka saya.