Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A makon jiya na kai ziyara Uke, garin nan da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, na tarar da wani ɗan'uwana cikin zullumi. Shekaru uku da suka wuce maiɗakinsa ta kwana biyu tana naƙuda a gida, da ƙyar aka ceto ta da ɗanta ta hanyar tiyata. Yanzu ga ta da cikin wata shida. Tsofaffin gida sun ce ta haihu a ɗaki kamar kowace mace, ita kuwa ta ce a sake yi mata aiki kawai, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, ga abin da likitoci suka tabbatar. Macen da aka yi wa tiyata sau ɗaya, aka yanka mahaifar a kwance daga ƙasa, tana iya gwada haihuwa da kanta, kuma kimanin uku daga cikin huɗu sukan sauka lafiya. Amma fa wajen mace 1 cikin 200 tabon mahaifarta yakan tsage ana cikin naƙuda, in kuwa haka ta faru, mintoci ne tsakaninta da halaka. Wadda aka yi wa yankan tsaye, ko aka taɓa yi wa ɗinkin yoyon fitsari, ita kam tiyata ce shawara. Ita ma tiyatar tana da nata: yawan maimaita ta yakan sa mabiyiya ta manne a jikin mahaifa, jini ya ɓalle.

Saboda haka na ce wa ɗan'uwana, zaɓin hanya sai a gaban likita, tun wajen awon ciki, a bayyana masa duk abin da ya faru a baya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wurin haihuwa kuwa babu zaɓi a cikinsa: asibitin da ake tiyata da ƙarin jini dare da rana, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Kada a kuskura a sha maganin saurin naƙuda a gida.

Magidanta, nauyin nan namu ne. A tanadi kuɗin mota da mai ba da jini tun kafin ranar. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. A tambaya ko asibitinku na ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 75,000 muka rasa ta dalilin ciki da haihuwa a 2023. Kada kunya ko surutun dangi su sa mu ƙara musu ko da ɗaya.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.