Zauren 'Yan Mata: Tururuwar Cikin Ƙaro



Kwanan baya na je Tudun Wada wajen Gwaggona. Muna tsakar gida tana haɗa turaren wuta, sai autarta, wadda ke aji biyar a sakandare, ta ɗauko wani dunƙulen ƙaron maje da aka kawo daga dajin wajen Doguwa. Ta ɗaga shi a rana, sai ga tururuwa a ciki, ƙafafunta shida cif.

"Yaya, ya aka yi ta shiga?"

Na ce mata ƙaro yakan tsattsafo daga jikin itace da danƙo, ƙwaro ya taka ya maƙale, wani ƙaron ya zubo ya rufe shi. Tunda iska ba ta shiga, ba ya ruɓewa. In ƙasa ta binne irin wannan ƙaro shekaru miliyoyi, sai ya taurare kamar dutsen ado.

A 1966, a gaɓar teku a jihar New Jersey ta Amurka, wani mutum mai suna Edmund Frey da matarsa suna neman duwatsu suka tsinci irinsa, da tururuwa biyu a ciki. A 1967 masana uku, ciki har da E. O. Wilson na Jami'ar Harvard, suka bayyana cewa wata irin tururuwa ce da ta ƙare a duniya, ta rayu kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce. Ƙugunta na tururuwa ne, amma bakinta gajere irin na rina. Suka raɗa mata suna Sphecomyrma freyi don karrama ma'auratan. Ikon Allah ke nan!

Yarinya ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ni fa kimiyya nake so, amma mai nemana ya ce da an ɗaura aure karatu ya ƙare."

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Na ce ta gaya wa Gwaggo yau ɗin nan, a yi maganar karatu a gaban manya tun kafin a karɓi sadaki, don alkawarin zance a ƙofar gida ba ya zama hujja.

Haka nake gaya muku ku ma. Wanda zai tsuguna tare da ke ku duba abin da ya ba ki sha'awa, shi ne miji.

Ƙaron dai ba a saka shi a kasko ba, yana cikin jakar makarantarta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.