Mu Koyi Turanci: Kalmar "Release"

A wannan wata za mu duba kalmar "release", wadda ake furtawa kamar "rilis".

Asalin ma'anarta shi ne a saki wanda aka tsare, ko abin da ake riƙe da shi. Misali, ranar 12 ga Fabrairu, 1951, Turawan mulki suka saki Kwame Nkrumah daga kurkukun James Fort da ke Accra, bayan jam'iyyarsa ta CPP ta ci zaɓe. Da Turanci sai a ce: "Nkrumah was released from prison."

Haka kuma ana amfani da ita wajen fitar da abin da jama'a ke jira. In hukumar WAEC ta fitar da sakamakon jarrabawa, sai ka ji a rediyo an ce: "WAEC has released the results."

Amma fa a lura, ba duk inda Bahaushe ya ce "saki" ba ne wannan kalma take shiga. Wani ɗalibinmu ya taɓa rubuta "My uncle released his wife", wai kawunsa ya saki matarsa. Duk mai jin Turanci da ya karanta sai ya ɗauka da ma kulle ta ya yi a ɗaki. Sakin aure "divorce" ake ce masa.

Inda kalmar ta fi haɗari shi ne a kan takarda. A wurin lauyoyi da kamfanonin inshora, "release" takarda ce wadda in ka sa mata hannu, to ka yafe sauran haƙƙin da kake bi. Mun san wani ɗan dako a zangonmu da mota ta buge. Aka miƙa masa 'yan kuɗi da takarda, ya dangwala yatsa yana zaton rasit ne. Da ƙafar ta ƙi warkewa ya koma neman kuɗin magani, sai aka nuna masa hannunsa a kan takardar. Ya dawo gida haka nan.

Saboda haka 'yan'uwa, duk wanda ya ga wannan kalma a kan takarda, kada ya yi gaggawa. Ya kai wa wanda ya amince da shi ya karanta masa tukuna. Matambayi ba ya ɓata.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.