Wa Ke Kashe Lasifikar Mota?

Duk lokacin da lasifikar mota ta ƙone, abin da mai motar ke fara faɗa shi ne, "Jabu aka sayar mini." Ban musa akwai jabun kaya a kasuwa ba, amma a ganina galibin lasifikokin da ke mutuwa, masu su ne ke kashe su da hannunsu.

Ɗalibi ya tuna darasin da aka yi masa a kan yadda lantarki ke ɗumama waya. A cikin lasifika akwai siririyar wayar tagulla naɗaɗɗiya, tana zaune a tsakiyar maganaɗisu. Idan lantarki ya ratsa ta, sai ta riƙa kai da komo, tana tura faifan da ke kaɗa iska, mu kuma mu ji sauti. Sai dai abin da ke zama sauti daga wutar da aka ba ta bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Saura duk zafi ne. Ashe lasifika murhu ce mai ɗan taɓa waƙa!

To, kowace amfilifaya tana da iyakarta. Idan aka murɗa ta fiye da wannan iyaka, sai ta riƙa datse kawunan igiyoyin sautin, tana ɗura wa wayar wuta ba sassauci. Daga nan gam ɗin da ke riƙe da wayar ya narke, ita kuma ta ƙone. Kafin a kai nan, lasifikar takan yi gargaɗi: muryarta ta dishe, sannan a ji ƙauri. Direba kuwa, maimakon ya rage, sai ya ƙara.

Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba. Ninka wuta sau 2 desibel 3 kacal yake ƙarawa. Sai an ninka ta kamar sau 10 kafin kunne ya ji ƙarar ta ninka.

Wani kuskuren shi ne tura wa ƙananan lasifikokin ƙofa sauti mai kauri. Wannan aikin babbar lasifikar bayan mota ne, wadda samari ke kira wufa. Ƙaramar kuwa faifanta zai yi ta tsalle har ya yage.

Shi kuma wat 1000 da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, ƙarfi ne na ƙiftawar ido. Mai saye ya nemi adadin da aka rubuta RMS a gefensa, wato wutar da lasifikar za ta iya jurewa a kai a kai, ya daidaita shi da na amfilifayarsa kafin ya biya kuɗi.