Tsohon Zarton Panteka Da Wayar Da Ba Ta Buɗuwa

A Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ba abin mamaki ba ne a ga zarton da ya girmi mai aiki da shi. Wani lokaci tsatsa ta rufe shi, haƙoransa sun dakushe, mariƙin katakon ya tsage har yana motsi. Wanda bai sani ba zai ce a ba 'yan gwangwan kawai. Amma kafintan da ya san aikinsa ba ya saurin rabuwa da irin wannan zarto, domin cikin yini guda zai dawo da shi bakin aiki.

Farkon abin da zai yi shi ne kwance notinan da suka haɗa ƙarfen da mariƙin, galibi uku ko huɗu ne. Sai ya shimfiɗa ƙarfen a kan katako, ya zuba ɗan kalanzir ko mai, ya bi shi da samfefa har tsatsar ta fita. Daga nan ya matse shi tsakanin falankai biyu, haƙoran na kallon sama, ya goga magagari a kansu don tsayinsu ya zo ɗaya. Bayan haka ya ɗauki ƙaramin magagari mai kusurwa uku, ya wasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ya ɗan karkata su, wannan hagu, na gaba dama. Wannan karkatawar ce ke sa hanyar da zarton ke yankawa ta fi kaurin ƙarfen faɗi, don kada ya maƙale a tsakiyar katako.

Mariƙin ma da nasa aikin. Idan tsagewar kaɗan ce, gam ya wadatar. Idan ya lalace gaba ɗaya, sai a ɗora tsohon a kan guntun madaci ko wani itace mai ƙarfi, a zana siffarsa, a fitar da sabo. A nan ne mai zarton ke samun abin da kanti ba ya sayarwa. Ana goge gefunan da ke cin tafin hannu, ana faɗaɗa ramin yatsu ko a rage shi, har sai mariƙin ya zauna daidai hannun mai shi. Wanda ke yankan katako tun safe har la'asar ya san bambancin, domin shi ne ke kwana da kanta a hannu idan mariƙin bai dace ba.

Duk wannan ya yiwu ne saboda yadda aka ƙera zarton tun farko. Ƙarfen yana da taurin da zai yanki katako, amma bai fi ƙarfin magagari ba. Mariƙin kuma da noti aka ɗaura shi, kowa zai iya kwancewa. Yawancin zartunan da ke shigowa kasuwa yanzu ba haka suke ba. Mariƙinsu na roba ne, haƙoransu kuma an gasa su da wutar lantarki har sun yi duhu. Suna daɗewa da kaifi, gaskiya ne, amma ranar da suka dakushe magagari zamewa yake yi a kansu. Ba a wasa su, sai dai a sayi wani.

Wayar da ke aljihun yawancin matasa a yau 'yar uwar wannan sabon zarton ce. Waɗanda suka yi amfani da Nokia ta da sun tuna yadda ake zare murfin baya da farce, a cire batir, a saka wani. Yanzu bayan wayar manne yake da gam, batir ɗin ma haka. Kafin mai gyara a titin Ahmadu Bello ko kewayen Kasuwar Sheikh Gumi ya kai gare shi, sai ya hura wa wayar zafi, ya ɓamɓare ta a hankali yana fatan gilashin bai fashe ba. Tun zamanin iPhone 4 kamfanin Apple ya koma amfani da wasu ƙananan notina masu kunne biyar, waɗanda sukundireban da aka saba da shi ba ya kwancewa. Daga baya kuma aka zo da ɗaure kayan waya da manhaja: a canza batir ko gilashi, wayar ta fito da saƙo cewa ba ta san wannan kayan ba, wani lokaci ma wasu ayyukanta su tsaya.

Abin da ya kamata mai waya ya gane shi ne, ba tsufa kaɗai ke kashe na'ura ba. Sau da yawa shawarar da kamfani ya yanke ne tun a wajen zane. Batir da wajen caji da gilashi su ne haƙoran waya, dole su gaji kafin sauran jiki. Idan an ƙera ta yadda za a canza su cikin sauƙi, wayar shekara biyu za ta kai biyar. Idan ba haka ba, lalacewar abu ɗaya ta ja a zubar da allo da kyamara da ƙwaƙwalwa masu lafiya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin sabuwar waya ya zama abin da ɗalibi ko ɗan acaɓa ko mai sana'ar POS zai yi watanni yana tarawa. Ga irin waɗannan, wayar da ba ta gyaruwa asara ce kai tsaye. Duniya ma tana biyan nata kason: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Kamfanoni suna da tasu hujjar, kuma ba duka ce ƙarya ba. Gam yana taimakawa wajen hana ruwa da ƙura shiga, abin da duk wanda ya ga hazon hunturu a Kawo ko Unguwar Rimi zai so. Batir na jabu yana iya kumbura ko ya kama wuta. Sannan waya ba zarto ba ce: katakon bana irin na shekara hamsin da suka wuce ne, amma manhajojin bana sun fi ƙarfin wayar shekara goma. Sai dai waɗannan hujjoji ba su nuna a hana gyara ba. Abin da suka nuna shi ne a sayar wa masu gyara kaya na asali, a fitar da bayanin yadda ake buɗe wayar, a kuma ci gaba da sabunta manhajarta.

Kuma an riga an nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan yana ƙera wayoyin da ake warwarewa da ƙaramin sukundireba. Google ya yi wa Pixel 8 alƙawarin sabuntawa na shekara bakwai, Samsung ma ya yi haka ga Galaxy S24. Daga 20 ga Yuni 2025, Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da waya a ƙasashenta su samar da kayan gyara har shekara bakwai bayan daina sayar da samfurin, su sabunta manhajarsa aƙalla shekara biyar, batir kuma ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa. Da doka ta matsa, sai ga shi abin da ake cewa ba ya yiwuwa ya yiwu. Matsalar ita ce wannan doka ba ta shafi wayar da aka kawo Kaduna ba, kuma masu arahar da aka fi saye a nan su ne suka fi saurin daina samun sabuntawa.

Batun mariƙi ma yana da takwaransa a waya. Yadda kafinta ke gyara mariƙi daidai hannunsa, haka ya kamata mai waya ya iya cire manhajojin da aka cusa masa tun daga kamfani, waɗanda ke cin data da wuri ba tare da ya nema ba. Masu rubuta manhaja a Arewa su ma suna da alhaki a nan. Duk wanda ya gina manhajar da ba ta tashi sai a sabuwar waya mai tsada, ya taimaka wajen tura tsofaffin wayoyi bola, kuma ya rufe ƙofa ga yawancin mutanen da yake son su yi amfani da ita. Gwada manhaja a kan tsohuwar Tecno ko itel kafin a sake ta ba ƙaramin taimako ba ne.

Kafin doka ta iso, abin da ya rage a hannun mai saye shi ne tambaya. Yawanci ana tambayar girman kyamara da yawan ma'adana ne kawai. Ya kamata a ƙara da wasu uku: shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin sabunta wannan samfurin, ana samun batir da gilashinsa na asali a garin nan, kuma nawa ne kuɗinsu. Wanda ya fi dacewa a tambaya ba mai sayarwa ba ne, mai gyara ne, domin shi ya san wayoyin da ke dawowa teburinsa da waɗanda yake mayar wa masu su yana ba su haƙuri.

Kafintan Panteka ba ya karɓar tsohon zarto sai ya juya shi, ya duba notinan mariƙi, ya ɗan goga magagari a haƙori ɗaya ya ga ko yana ci. Minti ɗaya ke nan, kuma a kansa yake yanke shawarar ko zarton ya cancanci kuɗinsa. Wayar da mutum zai kashe albashin wata biyu a kanta ta cancanci aƙalla irin wannan dubawar.