A Bar Yarinya Da 'Yar Tsanarta

A Yasore, kamar sauran ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana, in kaka ta yi aka girbe gero da dawa, ba abin da ya kai kara yawa. Yarinya ta kan sami guntunsa, ko ƙashin ƙafar akuya, ta naɗa masa tsumma, ta goya, ta ce ta haihu. Ƙawayenta su taru a gindin rumbu, su tuƙa tuwon ƙasa a sakaina, a yi suna, a yi buki. Ba a jimawa sai wani babba ya zo ya watsa taron. Wata uwa ta ce shiririta ce, a tashi a ɗauki talla. Wani kuwa ya ce gunki ne, ya karɓe ya jefar.

Mai cewa gunki ne, shi ya kamata a fara amsa wa, don da sunan addini ya ke magana. Buhari da Muslim duka sun ruwaito cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuwa hana ba. Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa, Bamalike ne, ya kuma tafi a kan halaccinsu, don su koya wa 'yan mata sha'anin gida da reno. To, wanda ya fizge guntun kara daga bayan 'yar shekara huɗu, daga wane littafi ya karanto?

Maganar shiririta ta fi wuyar kawarwa, gama kuɗin talla a hannu a ke ganinsu, amfanin wasa kuwa ba ya ƙirguwa da yamma. Amma duk wanda ya zauna ajin Yaƙi da Jahilci ya san inda wuyar karatu ta ke. Malam ya zana 'yar alama a allo, ya ce wannan ita ce "b". Alamar ba ta da murya, sai dai hankali ya yarda ta tsaya a madadin sauti. Dattawa da yawa a nan suka yi gumi. Yarinyar da ta ɗauki ƙashi ta ce jariri ne, ta ɗebo yashi ta ce gari ne, wannan aikin ta ke yi tun ba ta ga allo ba, watau sa wani abu a madadin wani. Wani masani na ƙasar Rasha, Vygotsky, ya bayyana haka a 1933, misalin da ya kawo kuwa shi ne yaro mai hawan sanda ya ce doki ne. Yaran Yasore ba su san sunansa ba, amma dokin kara ba baƙonsu ba ne.

Sa'an nan a saurari bakinta. Ita ce uwa, ita ce jaririn da ke kuka, ita ce maƙwabciyar da ta zo barka. Kowanne sai ta nemo masa kalmominsa, ta auna abin da ke ransa. A 2020 masana na Jami'ar Cardiff a Birtaniya sun auna ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara 4 zuwa 8, suka ga sashen da ke fahimtar halin mutane yana aiki sa'ad da yaro ke wasa da 'yar tsana, ko da shi kaɗai ne. Gaskiya ne kamfanin da ke yin Barbie ya biya kuɗin binciken, saboda haka a karɓe shi da lura. Ko ba shi ma, kunne ya isa shaida.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan yanki musamman. A 2019 da 2020 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, yara sun ga gudun dare da idonsu. Ƙaramin yaro ba shi da bakin faɗin tsoro. Amma a kan ga yarinya ta rungume 'yar tsana tana lallashinta, tana ce mata ta yi shiru, ba kome. Kanta ta ke lallashi, uwar da ta tsaya minti biyar a bayan zana kuwa za ta ji abin da 'yarta ba ta taɓa gaya mata ba.